Ƙafar Hagun Oga Bulus

Duk wanda ya zo filina ya ce, "Malam, kwana uku kawai nake so, ai na ɗan iya," nakan miƙa masa makulli in koma kan benci in zauna. Ba na jayayya. Yawanci kafin in gama gyara zama motar ta yi tsalle sau biyu kamar akuyar da aka ɗaure, ta mutu, shi kuma ya leƙo ta taga ya ce batir ne. Ba batir ba ne. Ku samarin yanzu kun ɗauka tuƙi gudu ne, shi ya sa kowa ke tambayata yaushe zai hau titin Jos. Ni kuwa shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da tuƙi a nan Bauchi, a wani filin ƙwallo da ke bayan Yelwa, kuma abin da na gani shi ne gudu kowa ya iya. Tashi ne aiki. Taku goman farko, daga inda mota take tsaye zuwa inda ta kama hanya, a nan ake gane wanda aka koya wa da wanda ya tsinta a gari.

Sunana Sale. A Ƙofar Wambai aka haife ni, can nake har yau. Kayan aikina ba su da yawa. Motoci biyu ne, dukansu sun ga jiya, ɗaya mai kuloci, ɗaya otomatik. Kowacce wani mai walda a unguwarmu ya yi mata birki na biyu a ɓangaren da nake zama, kuma birkin nan ya ceci sandunan gola da awakin mutane fiye da yadda zan iya tunawa. Akwai matashi saboda gajeru, ko da yake sai an sha fama kafin namiji ya yarda shi gajere ne. Akwai waigi, guntun katakon da ake tokare taya da shi. Sai gwangwanin madara wanda babu komai a ciki.

Akwai wani ma'aikaci daga Ɗan Iya da ya sayi mota kafin ya koyi tuƙi, ta yi wata biyu a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ran da ya zo, yana shiga ya kai hannu kan makulli, na ce ya sauke. Tukuna. Ka ja kujera har ƙafarka ta hagu ta iya kai kuloci ƙasa ba tare da ka miƙe kamar mai tsinkar mangwaro ba. Ka gyara madubai. Ka ɗaura bel. Ka girgiza sandar giya hagu da dama ka tabbata tana firi, domin wanda ya ajiye motar wataƙila a giya ya bar ta, kuma ba zai zo ya gaya maka ba. Ka duba hambirki a ɗage yake. Sannan ka taka kuloci har ƙasa, ka yi bismilla, ka murɗa makulli, da injin ya kama ka saki. Mutumin nan ya riƙe makullin yana ta murɗawa bayan ta tashi, sitata na ihu, sai da na buge masa hannu. Babba ne a ofishinsu, an ce har masinja gare shi, amma a cikin motata ɗalibi ne, kuma ban ba shi haƙuri ba.

Daga nan sai wurin da ake faɗuwa. Ka sa giya ta ɗaya, ka kunna sigina, ka duba madubi, ka kuma waiga ta kafaɗa, saboda ɗan acaɓa ba ya bayyana a madubi sai ya riga ya iso. Sai ka fara ɗago ƙafar hagu a hankali, har ka kai wani wuri da muryar injin za ta ɗan sauka, hancin motar ya ɗan ɗaga, ka ji tana rawa a ƙarƙashinka tana son tafiya. A nan za ka tsaya. Ba a nuna wurin nan da yatsa. Kowace mota da nata, na wata a ƙasa yake, na wata sai ka kusa sakewa duka. Ka ba ta totur kaɗan, ka sauke hambirki, ka bar ta ta yi taku uku ko huɗu kafin ka ƙarasa ɗage ƙafar. Mai gaggawa ya saki gaba ɗaya ta mutu. Mai tsoro ya riƙe yana ba ta wuta har kuloci ya fara ƙauri. Da ta miƙe, kukan injin zai hau, ya gaya maka lokacin giya ta biyu ya yi, ka sake taka kuloci. Ma'aikacin nan ya yi mako uku kafin ya tashi sau biyar a jere ba ta mutu ba, kuma ranar har sadakar ƙosai ya yi.

Ni a babbar mota na koya, a hannun Oga Bulus. Mutumin kudancin jihar nan ne, daga wajen Bogoro, dogo, ba ya yawan magana. Ina ɗan shekara sha bakwai kawuna ya kai ni wurinsa a tasha ya ce ga shi nan, in ya yi ba daidai ba a hukunta shi. Masara da dawa muke ɗaukowa daga kasuwannin ƙauye mu kawo gari. Shekara biyu aikina waigi ne: mota na tsayawa in dira in tokare taya, za ta tashi in cire in bi ta da gudu in ɗafe. Ban taɓa makulli ba sai in zan miƙa masa. In za mu tashi da safe yakan ɗora goshi a kan sitiyari ya yi addu'arsa, sannan ya jira in gama tawa, ko da mai kaya na tsaye yana masifa. Bai taɓa murɗa makulli ina tsakiyar addu'a ba.

Ran da ya fara ba ni, a kan tudu ya tsayar da motar cike da buhuna, hancinta sama. Ya sauka ya ajiye gwangwanin madara a bayan tayar baya, tazarar tafin hannu. Ya ce in tashi. In motar ta sulale baya gwangwanin ya lotse, to a kan buhuna zan koma gida, ba a gaba ba. Na lotsa gwangwanaye har mai shayin tasha ya koma tara mana ba sai an roƙe shi ba. In ƙafata ta yi gaggawa kalma ɗaya yake faɗi, da ƙarfi: "Ƙafa!" Sai hularsa ta sauka a cinyata. Yakan ce shi ba ya duba lasin direba, ƙafarsa ta hagu yake kallo. Direban kirki a wurinsa shi ne wanda fasinja ba zai san lokacin da aka tashi ba, sai dai ya ga bishiyoyi suna wucewa. Da otomatik ta fara yawa a gari ya ce wannan ai ba mota ba ce, kujera ce mai taya. Na bar hannunsa, na yi aure, na buɗe wurin koyarwa, na yi furfura, bai daina ce mini "yaro" ba, ni ma ban daina durƙusawa in gaishe shi ba.

Otomatik ɗin da yake rainawa tana da tata ƙa'idar. Wata mai shagon atamfa, 'yar kudu, ta zo ta ce ita ba ta son wahala, wannan take so. Na ce to. Ƙafar dama a kan birki kafin komai, sanda tana kan P, ki tayar. Birkin na nan a take ki ja sandar zuwa D, ko R in baya za ki. Ki duba, ki sauke hambirki, ki ɗago ƙafa a hankali. Motar za ta fara rarrafe da kanta ba ki ba ta komai ba, kuma rarrafen nan ya rushe katangu da yawa a garin nan. Sai kin ga hanya sarai sannan ki mai da ƙafar kan totur. Ƙafa ɗaya ce ke aikin duka biyun, ta hagu kuwa ki ajiye ta gefe kamar baƙuwa. Matar nan ta iya cikin mako guda, domin ƙafarta ta hagu ba ta san komai ba, ba ta da abin mantawa. Wanda ya saba da kuloci shi ne abin tsoro. Birkin otomatik yana da faɗi, ya miƙo har kusa da inda kuloci yake zama, kuma ƙafar da ta saba taka kuloci ba ta san lallashi ba, har ƙasa take kaiwa.

Shekarar da mai ya yi tashin da kowa ya sani ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Masu motoci suka jingine su suka koma hawan keke mai ƙafa uku, to wa zai zo koyon abin da ba zai iya ciyarwa ba? Sai in wuni a filin daga ni sai awaki. 'Yan ɗaliban da suka rage na koma koya musu da mota a kashe: a taka kuloci, a sa giya, a ɗago, ni kuma ina yin kukan injin da baki. Suna dariya, ni ma ina yi, amma ba daɗi nake ji ba. Sai ƙarshen darasi mu tayar mu zaga filin sau biyu. A cikin wannan shekarar ne wata safiya na hango wani dogon tsoho ya sauka daga keke yana ɗingishi.

Oga Bulus ne. Ya daɗe da barin babbar mota, shekara goma sha wani abu ke nan yana tuƙi a gidan wata malamar jami'a a Yelwa, wadda kowa ke ce wa Dakta. Na durƙusa na gaishe shi, na share masa benci. Ya ce wucewa yake yi, ya ce bari ya ga yadda nake lalata 'ya'yan mutane. Ya zauna har azahar ya tafi. Washegari ya sake wucewa.

Abin da bai sani ba shi ne labarinsa ya riga shi isowa, domin direbobi ba sa riƙe magana. Gwiwarsa ta hagu ce ta gaji. Fiye da shekara arba'in tana taka kuloci, har ta kai in ya shiga cunkoso gumi ne ke karyo masa. Dakta ta lura, da za ta canja mota sai ta zaɓi otomatik saboda shi, ba tare da ta ce saboda shi ne ba. Ranar farko ya ɗauko mahaifiyarta, Hajiya, tsohuwa ce mai ciwon ido, za su asibiti. Sun fita daga gida ke nan, taku kaɗan, ƙafar hagun ta tashi neman kuloci ta samu birki. Goshin Hajiya ya bugi bayan kujera ya kumbura. Dakta ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya huta mako biyu, ran da Hajiya za ta koma ganin likita shi zai kai su. In abin ya sake faruwa, ita ba za ta iya ƙara sa mahaifiyarta a bayansa ba, kuma 'yan uwanta sun riga sun samo wani saurayin direba suna jira. Mutumin da duk tasha ake misali da ƙafarsa, ga shi ƙafar za ta kore shi daga aiki, kuma haka za a riƙa ba da labarinsa.

Rana ta uku, bayan ɗalibina ɗaya tilo ya tafi, ya nuna otomatik da haɓa.

"Yaro, kawo makullin kujeran nan in ɗana."

Ban taɓa zama a kujerar malami shi yana ta ɗalibi ba sai ranar. Ya gyara kujera, ya gyara madubai, ya taka birki, ya tayar. Na nuna masa D da yatsa kamar ƙura nake sharewa. Ya ɗago ƙafar dama, motar ta zame kamar a kan ruwa, wallahi ban taɓa jin an tashe ta da taushi haka ba. Taku goma, sai gwaf! Bel ya shaƙe mini ƙirji. Na duba, ƙafarsa ta hagu tana kan birki har ƙasa, hannunsa na dama kuma ya riga ya damƙi sanda zai sa giya ta biyu. 

Na san abin da ya kamata in faɗa. Da ɗalibi ne da tuni ya ji shi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Birkin nan yana da kamu, Oga. Na daɗe ina so in kai wa bakanike."

Ya ce, "Na ji alama."

Kwana huɗu muna haka. Yau in ce birki ne, gobe in ce yashin filin ne ke riƙe taya, jibi in ce kujerar ce ta yi gaba da yawa. Ni da na buge hannun mai masinja ban ji komai ba, na kasa gaya masa gaskiya. Ku yaran yanzu za ku ce mene ne a ciki. Mutumin nan shi ya sa mini sitiyari a hannu. Da motarsa aka kai kayan ɗakin matata. A inda muka taso, irin wannan mutum ba ka duban idonsa ka ce ya yi kuskure, sai dai ka kewaya, ka ɗora wa wani abu laifin, ka bar shi ya gane da kansa. Ina ganin girmama shi nake yi. Ashe kwanakinsa nake ƙonawa, tare da ɗan man da ya rage mini.

Rana ta biyar ya ce tun da filin ne ke da matsala, mu fita titi. Na san bai kamata ba. Na ce to.

A wata mahaɗa kusa da kasuwa muka tsaya 'yan makaranta suka tsallaka. Ya tashi lafiya lau, ya ba ta wuta, sai gwaf! Wani keke da ke bayanmu ɗauke da mata uku ya daki bayan motar. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo, sai tumatir da ya watse a titi. Mai keken, wanda bai wuce sa'ar jikan Oga ba, ya zo taga, ya ga alamar masu koyo a jikin motar, ya ga furfura.

"Haba Baba! Da girmanka? In koyo za ka yi ka koma fili mana, ka kusa kashe min fasinja!" Ya leƙo ya dube ni. "Kai kuma malamin, kana zaune kamar buhu?"

Oga ya ce, "Yi haƙuri, ɗana." Shekarun da na yi a bayansa ban taɓa jin ya ba da haƙuri a kan titi ba, domin bai taɓa zama mai laifi ba. Ya buɗe ƙofa ya kewayo ɓangarena yana ɗingishi, mutane na kallo. Ya ce, "Ja mu koma."

Da muka isa filin na kashe motar. Bai sauka ba.

"Yau ma birkin ne?"

Na sunkuyar da kai.

"Yaro, gwangwani nawa ka lotsa a hannuna?"

"Da yawa, Oga."

"Akwai ran da na ce maka tudun ne ke da laifi?"

"Babu."

"To me na yi maka da za ka rufe ni haka? Kana tsammani ban san ka san labarin ba? Duk Bauchi akwai masu koyarwa, na wuce su na zo wurinka, don na san hannun da ya koya maka. Saura kwana huɗu. In na sake buga kan tsohuwan nan, ba Dakta ne ta sallame ni ba, kai ne."

Ya cire hularsa ya ɗora a cinyata. Ya ce, "In ɗalibinka ne, me za ka yi masa?"

Na ce zan cire masa takalmin hagu, in tura ƙafar baya, diddige ya taɓa ƙarfen kujera, don ya riƙa jin inda take.

"To me kake jira?"

Ya koma kujerar direba. Na kewaya na buɗe ƙofar na durƙusa, irin durƙuson da na saba yi in gaishe shi, na kwance igiyar takalmin. Sai a lokacin na ga gwiwar da kyau, ta kumbura har ta cika wando. Kunya ta kama ni, ba ta taɓa ƙafarsa ba, ta kwana huɗun nan da na yi ina yi masa ƙarya. Na ɗaga ƙafar da hannu biyu na ajiye ta inda ya kamata.

Muka gwada. Taku goma, ƙafar ta fito daga maɓoyarta ba takalmi ta daki birki. Na ce, "Ƙafa," amma a makare, kuma da wata siririyar murya da ni kaina ban san ta ba.

Ya ce, "Da ƙarfi. Ba ka karya kumallo ba ne?"

Kafin mu sake zagawa jar fitilar mai ta kama.

Washegari babu mai, sai muka yi yadda nake yi da ɗalibai, mota a kashe. Ya taka birki, ya murɗa makulli rabi don sanda ta motsa, ya ja ta zuwa D, ya ɗago ƙafar dama. Ni kuma ina ƙirga taku da baki: ɗaya, biyu, har ashirin. Ƙafar hagu ko motsi. Muka maimaita ya fi sau goma, tana kwance abinta kamar ba ita ba. Na rasa gane kanta. Can don in ɗan sa shi dariya sai na yi abin da nake jin nauyin yi a gabansa tun safe, na fara kukan injin da baki, ƙasa ƙasa, ina hawa da shi. Ina kaiwa daidai inda ake canja giya, gwiwar ta zabura, ƙafar ta daki birki.

Muka dubi juna.

Na ce, "Oga, ba ƙafarka ce ke da laifi ba. Kunnenka ne ke aikenta."

Shekara arba'in kunnen nan na jin injin ya hau, yana tura ƙafa, saƙon ba ya ma bi ta kai. Duk shekarun da na yi ina koyarwa ban gane haka ba sai da rashin mai ya zaunar da ni. Na ɗauko tiyo na zuƙo ɗan abin da ya rage a tankin ɗaya motar na juye. Na kunna rediyo na ƙure murya har ba a jin injin, abin da ba zan yarda ɗalibi ya yi a titi ba, amma nan fili ne. Muka tashi. Taku goma, ashirin, muka kai sandar gola, ƙafar na kwance. Kowane zagaye sai in rage muryar rediyon kaɗan. Idona na kan allurar da ke nuna gudun injin, da ta fara hawa, kafin kunnensa ya kama, sai in daka tsawa: "Ƙafa!" Yanzu kam da ƙarfi, har awaki na ɗaga kai. Hular sau ɗaya na yi amfani da ita, sai ya gyaɗa kai. Na ce ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya bar kukan ya hau, ya saurara ya ji abin da motar za ta yi da kanta. A rana ta uku da fara wannan dabarar, rediyo a kashe, injin ya hau, ya hau, sai motar ta canja giyarta, kukan ya sauka. Oga ya karkata kai yana sauraro.

Ya ce, "Ta ɗan makara. Amma ba laifi."

Ranar komawa asibiti ya ce in zo in raka su, Dakta kuma ta yarda. Na isa gidan da hantsi. Dakta ta fito riƙe da hannun Hajiya ta zaunar da ita a baya, ta ɗaura mata bel da kanta, ta zauna kusa da ita, hannunta ɗaya a kafaɗar tsohuwar. Hannun nan kaɗai ya isa magana. Na zauna a gaba. Motar Dakta ce, ba tawa ba, babu birki na biyu, babu rediyo, kuma na san ba zan daka wa Oga tsawa a gaban matar da yake yi wa aiki ba. Abin da zai yi, shi kaɗai zai yi shi.

Ya sunkuya ya kwance takalmin hagu ya miƙo mini. Dakta ta gani, ta kau da kai. Ya ɗora goshi a kan sitiyari, ya ɗago, ya jira na gama tawa. Ya taka birki, ya tayar, ya ja sanda zuwa D. Ya duba madubi, ya waiga ta kafaɗa, ya sauke hambirki. Motar ta rarrafa ta fita daga gidan, ta haye kan kwalbati ko girgiza ba ta yi ba, ta hau titi. Ya mai da ƙafa kan totur. Kukan injin ya fara hawa. Ina kallon gwiwar, na ga tana rawa a cikin wando. Na cije leɓe. Kukan ya hau, ya kai wurin.

Sai aka ji dim! ƙafa ta daki ƙasan mota.

Tawa ce. Birkin da na saba takawa shekara ashirin da 'yan kai nake nema a inda babu shi. Motar kuwa ta canja giyarta ta miƙe, ƙafar Oga tana kwance inda ya ajiye ta.

Daga baya Hajiya ta ce, "Bulus, wai ba za mu tafi ba ne? Likita fa ba ya jira."

Dakta ta sauke hannunta daga kafaɗar tsohuwar tana dariya. Ta ce, "Inna, ai har mun wuce masallaci."

Oga bai ɗauke ido daga titi ba. A hankali, yadda na baya ba za su ji ba, ya ce, "Malam, ƙafa."

Tun ina ɗan shekara sha bakwai ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai yaro. Na janye ƙafata na tura ta baya har diddige ya taɓa ƙarfen kujera, na riƙe takalminsa a cinya, muka wuce asibiti.